Ranar da Na Kama Sunansa a Kan Dutse

Jikokina mata suna kiran mazajensu da suna gatsal, kamar masu kiran ɗan aike, ni kuma ba na cewa uffan. Zamaninsu ne. Amma a gidan da na tashi a Haɗejiya mace ba ta kama sunan mijinta. Kakata da ta raine ni ta zauna da kakana har ƙasa ta rufe masa ido, ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan ya shigo, sai dai ta ce masa mai sunan Malam. Haka na ga uwata ta yi, haka ni ma na yi, duk da na gama makarantar horon malamai har ina koyarwa kafin a ɗaura mini aure. Boko bai taɓa mini wannan wurin ba. Mijina in yana kusa Malam ne, in ba ya nan kuwa “shi” ne, kowa kuma ya san wanda nake nufi.

A shekarun da kuɗin mai ya cika ƙasarmu, gwamnati ta shiga tura ma'aikata kwas Ingila kamar ana rabon goro. Malam safiyo ne a ma'aikatar ayyuka, aka turo shi London, ya taho da ni, lokacin ko haihuwa ba mu yi ba. Muka kama ɗaki a Tottenham, can saman bene, da wata hita mai haɗama wadda ba ta ba ka ɗumi sai ka jefa mata tsaba. Ko a can ban canja ba. In na je ganin likita ni kaɗai aka tambaye ni sunan mijina, sai in nemi biro.

'Yan'uwanmu da aka turo tare, ranar Asabar kasuwa suke wuni. Wannan ya sayi rediyo mai kaset, wancan firji, ana taƙaddamar wace mota ce ta fi dacewa a sa a jirgin ruwa a kai gida. Ni ma ba na ƙi ba, ina da idon leshi kamar kowace mace. Amma Allah ya haɗa ni da mutumin da ya karɓi alawus ɗinsa ya dawo mini da jakunkunan goyo biyu, da tanti, da buhunan barci, da wasu takalma masu nauyi kamar na soja. Turawan ajinsu ne suka hure masa kunne da labarin wani yanki a arewacin Ingila, Lake District, inda duwatsu suka kewaye tafkuna, mutum ya goya kayansa ya yi ta tafiya yana kwana inda ya ga dama.

“Na yi booking,” ya ce yana zube kayan a tsakar ɗaki. “Hutun nan can za mu.”

Na ce, “Malam, mutane na zuwa London su huta da daji, kai ka zo neman daji?”

Dariya ya yi. A gindin dutsen Kwatarkwashi aka haife shi, kuma ba a hira da shi ta yi nisa bai gaya maka yana yaro ba takalmi yake hawansa ba. Ni 'yar fadama ce, tudun da na sani bai wuce jigawa ba. Da na bincika kayan sai na ga rigar ruwa guda ɗaya ce, daidai ni. Na tambaye shi tasa. Ya ce damina nawa ya yi a daji yana awon hanya ba rigar ruwa? Ruwan sama ai ba ɓarawo ba ne, sai ya yi sallama. Ka ga hadari ya haɗo daga gabas, ka ji iska ta juya, ka nemi wuri ka fake, ya zuba ya wuce, ka fito ka ci gaba. Ban yi masa musu ba, don ni ma iyakar abin da na sani game da ruwa ke nan. Ruwan London kuwa ta taga muka fi ganinsa, ko mu faɗa bas mu tsere masa.

Muka hau jirgin ƙasa, muka sauka muka hau bas, har bakin wani tafki mai tsawo. Ba zan yi ƙarya ba, kwanakin farko sun yi daɗi. Muka kafa tanti a gonar wani manomi, ina dafa shayi a ɗan risho muna ci da burodi da dambun naman da aka aiko mana daga gida. Muka yi hayar kwale-kwale, nan fa na rama, don Malam da ya riƙe filafili sai muka yi ta juyawa wuri ɗaya, sai da ni 'yar bakin kogi na karɓa muka ga gaba. Ya ce in jira mu hau tudu in gani.

Shirinsa shi ne mu goya komai mu haye wani dogon dutse, mu gangara wani tafkin a ɗaya ɓangaren mu kwana. Da safe gari ya waye tas. Muka bi wata siririyar hanya tsakanin katangun duwatsu, tumaki masu fenti a gadon baya suna kallonmu. Da muka wuce katangun sai hanyar ta zama tulin duwatsu nan da can, waɗanda matafiya suka tara don alama. Jaka ta ci mini kafaɗa, takalmi ya ci mini dunduniya, ina tafe ina mita. Shi kuwa yana gaba da 'yar shat ɗinsa ta auduga da rigar sanyi a kai, lokaci-lokaci ya tsaya ya dubi gabas ya ce, “Garau.”

Ta bayanmu ruwan ya zo. Ba tsawa, ba walƙiya, ba ƙanshin ƙasa, wani yayyafi ne siriri kamar ana fesa wa guga ruwa. Wasu Turawa suka wuce mu suna gangarowa da sauri, kowa ya ƙudundune cikin rigar ruwa. Ɗaya ya tsaya ya ce gari zai ɓaci, gara mu sauka. Malam ya yi masa godiya da Turancinsa mai kyau, da suka wuce ya ce mini da Hausa, “Mutanen nan ba su iya fakewa ba, sai su yi ta tafiya cikin ruwa kamar agwagi.” Ya sa ni na sa rigata, muka sami wani dutse mai baki kamar rumfa muka raɓe a ƙarƙashinsa, muna jiran a ɗauke.

Ba a ɗauke ba. Muka yi azahar a zaune da taimama, muka ci sauran burodi, ruwa na nan yadda yake, sai ma iska da ta taso tana watso mana shi har cikin maɓoyarmu. A gida in ka fake ruwa yana wucewa. A can in ka zauna jiransa da jiƙaƙƙun kaya, sanyi ne yake cinka a zaune, mu kuwa ba wanda ya taɓa gaya mana. Malam ya jiƙe sharkaf. Na ji haƙoransa na haɗuwa, na ce ya karɓi rigar mu riƙa yin karɓa-karɓa. Ya harare ni. Na ce to mu kafa tanti. Ya ce a kan wannan gangaren, cikin wannan iskar, kuma don ɗan yayyafi? Yanzu za a ɗauke.

Sai gajimare ya sauko mana. Ban san yadda zan kwatanta wa wanda bai gani ba. Tafkin da muke hangowa a ƙasa ya ɓace, tulin duwatsun da ke nuna hanya suka ɓace, in na miƙa hannu da ƙyar nake ganin yatsuna. Nan ne na ga Malam ya daina cewa za a ɗauke. Ya ciro taswira, sanyi ya hana shi buɗe ta sosai. Maganarsa ta yi nauyi kamar ta mai jin barci.

“Bari in duba alamar hanya, tana nan kusa,” ya ce. “Kada ki gusa daga nan.”

“Malam, mu tafi tare.”

“Na ce kada ki gusa.”

Ya ajiye jakarsa kusa da ni, ya yi taku kaɗan, farin abin nan ya haɗiye shi.

Na jira. Na karanta duk abin da na haddace, na koma farko. Ina ta kasa kunne in ji ƙarar takalminsa, ba abin da nake ji sai iska da kukan wata tunkiya can nesa. Tun ina cewa yanzu zai ɓullo yana mini dariya, har na daina cewa. Na miƙe na ƙwala, “Malam!” Iska ta kwashe. Na sake, na sake, har maƙogwarona ya fara zafi. Na kwance igiyoyin tanti na ƙulla su, na ɗaure baki ɗaya a dutsen, na riƙe ɗayan na yi ta lalube iyakar tsawonta, dama da hagu, ina rarrafe ina kira. A wani wurin hannuna ya taɓa inda ƙasa ta ƙare, na ja da baya da gwiwa ina salati.

Tsoro irin na ranar ban sake jin kamarsa ba. Na ga kaina na koma Tottenham da jaka biyu ni kaɗai. Na ga kaina a gaban uwarsa ina neman bakin da zan ce na baro mata ɗa a kan dutsen Turawa, ko gawa babu. Haushinsa kuma ya cika ni, mutum da iliminsa da kuɗinsa a aljihu ya ƙi sayen rigar leda saboda taurin kai. Ina kuka ina masa faɗa a raina, ina roƙon Allah ya dawo mini da shi in yi masa faɗan a gabansa.

Kiran nan ne ya jawo mini mutane. Na ji an busa usur, sai ga wasu Turawa biyu sun fito daga cikin hazon, mace da namiji, dattawa, da sanduna a hannu. Daga baya na ji wa da ƙanwa ne. Na gaya musu mijina ya tafi neman hanya bai dawo ba. Matar ta tambaye ni me ke jikinsa. Da na gaya mata sai ta dubi wanta, shi ma ya dube ta.

Namijin ya ce yaya sunansa, su taya ni kira. Na ce, “Malam.” Suka shiga ƙwalawa da irin bakinsu, suna busa usur, mu yi shiru mu saurara, mu matsa gaba kaɗan riƙe da juna, a sake. Ba amsa. Namijin ya ce zai iya sauka ya kira masu ceto, amma kafin ya kai ƙasa su hawo, an daɗe. Matar ta kama kafaɗuna ta yi mini magana a hankali yadda zan gane. Ta ce wanda sanyi ya kama sosai barci yake ji, daɗi ma yake ji, yana iya jin ana kiransa ya ƙi amsawa, in kuwa ya yi barcin shi ke nan. Ta ce mai yiwuwa yana kusa da mu ƙwarai. Sai ta ce, wannan da muke kira, sunansa ne na gaskiya?

Na ce a'a, haka nake kiransa.

“To kira shi da sunan da uwarsa take kiransa,” in ji ta. “Shi ne yake shiga kunne.”

Ina cikin kuka amma saura kaɗan in yi dariya. Malam ɗan fari ne. Uwarsa ba ta taɓa kama sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa, ko kallonsa ba ta cika yi a gaban mutane ba. Sunan nan malaman makaranta ne suke kiransa da shi, da abokai, da Turawan ajinsu. Mu biyun da muka fi kowa sonsa a duniya, ba wadda ya taɓa ji a bakinta. Ta yaya zan tsaya yi wa Baturiya wannan bayani a kan dutse?

Na buɗe baki, ya ƙi fitowa. Wallahi ba da gangan ba. Sunan yana nan a kan harshena, na san shi kamar yadda na san nawa, amma ya maƙale. Kakata kawai nake gani zaune a kan tabarmarta tana kallona. Matar tana girgiza ni tana cewa in yi sauri, ita a ganinta ruɗewa ce ta sa na manta sunan mijina. Na sake gwadawa, abin da ya fito Malam ne.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na ce a raina, kunyar wa? Ta tumaki? Mutum yana can yana mutuwa ni ina nan ina tarbiyya. Na saki hannun matar, na cika ƙirjina da iskar nan mai sanyi, na ƙwala sunansa. Tsirararsa, ba Malam a gaba, ba komai a baya, yadda ake kiran yaron da ya yi laifi. Na ji shi ya fita daga bakina kamar ba muryata ba. Shiru. Na sake. Shiru. A na uku muryata ta tsage.

Can ƙasa da mu, ta hagu, wata 'yar murya ta ce, “Na'am?”

Ban san yadda na sauka gangaren nan ba, namijin dai yana riƙe da jakata ta baya kada in wuntsila. Ashe bai fi jifa ɗaya ba tsakaninsa da inda ya bar ni. Santsi ya kwashe shi, ya gurɗe a idon sawu, ya ja jiki ya sami wani dutsen ya sake fakewa, yana jiran a ɗauke ruwa. Yana zaune ya jingina, leɓunansa sun yi fari fat, ya ma daina karkarwa. Ya dube ni kamar daga nesa ya ce, “Me ya same ki?”

Ni yake tambaya me ya same ni.

Turawan nan Allah ya saka musu. Muka tuɓe masa jiƙaƙƙun kaya, muka cusa shi a buhun barci, muka ja tantin muka lulluɓa a kanmu ba tare da mun kafa ba. Matar ta ce in shiga buhun in rungume shi, ɗumin jikina ne maganinsa. Na shiga, a gaban baƙi, ni da ko hannunsa ban taɓa riƙewa a titi ba. Wanda ya riga ya kama suna me ya rage masa? Tana ɗura masa shayi mai sukari daga fulas ɗinta kaɗan-kaɗan, wanta kuma ya sauka neman taimako. Ta ce kada in bar shi ya yi barci, sai na yi ta yi masa faɗan da na tanada, tun daga rigar ruwa har kwale-kwale, yana cewa to, to. Da ya fara karkarwa kuma, har haƙoransa na ƙara, matar ta ce alama ce mai kyau. Rana ba ta faɗuwa da wuri a can a wannan lokacin, da sauran haske masu ceto suka iso suka sauko da shi a kan makara irin tasu. Har muka kai ƙasa ruwan nan bai ɗauke ba.

Mun koma Tottenham da ƙafa a naɗe. Kwana da kwanaki ban yi masa magana mai daɗi ba, in ajiye masa abinci in juya. Maganar sunan kuwa ba wanda ya tayar, ina ta fatan sanyi ya sa bai san abin da ya ji ba. Sai wata rana da hantsi, yana zaune ya miƙe ƙafar a kan kujera kusa da hita, ina guga, ya ce ya fa ji lokacin da muke ta kiran Malam, har usur ɗin ya ji. Na ajiye dutsen guga na ce to don me bai amsa ba? Ya ce a ransa yana nan ɗakin ne, cikin ɗumi, ni kuma ina kiransa cin abinci, yana ta cewa ina zuwa, bari in ɗan runtsa. Ya ce bai taɓa jin barci mai daɗi irin wannan ba.

“Sai na ji sunana a bakinki,” ya ce. “Na ce lalle wani mugun abu ya sami yarinyar nan, in ba haka ba ba za ta faɗa ba. Tsoro ne ya tashe ni.”

Na rasa inda zan sa fuskata. Ya bari sai da na ɗauki dutsen gugar, sannan ya ce, “Ashe dai kin san shi.”

Na ce in bai yi shiru ba zan ƙona masa riga. Washegari ya dogara sanda ya je ya sayo rigar ruwa, ya dawo da ita gida Najeriya, ta tsufa a rataye ba ta ga wani aikin kirki ba. Na koma Malam ɗina kamar ba a yi ba. Muka haifi 'ya'ya, muka aurar, ya yi ritaya. Wani lokaci in na yi ta kiransa yana karatun jarida bai amsa ba, sai ya leƙo ta saman tabarau ya ce in gwada ɗayan mana, ya fi saurin aiki. In ce masa ya jira.

Ciwonsa na ƙarshe a gida ya yi shi, a Gusau. Ranar da abin ya yi tsanani, da safe ne, yara sun kewaye gadon ana ta karatu. Na ce Malam, bai motsa ba. Na sake cewa Malam. Sai na ce duk su ba ni wuri, suka fita suna kallon juna. Na rufe ƙofa, na sunkuya daidai kunnensa na faɗa. Wannan karon bai maƙale ba ko kaɗan. Na jira. Ban karaya ba, don a kan dutse ma sai a na uku ya amsa. Na faɗa na biyu, na faɗa na uku, na kasa kunne har na gaji da tsayuwa.

Ban sake faɗa ba tun daga ranar. Jikana namiji na fari sunansa aka sa masa, yanzu har ya yi gemu. In ya zo gaishe ni, mai sunan Malam nake ce masa.